Kaji da lambu a bayan gida: me ya kamata ka fara saya kafin bazara ta kama

Daga tsakiyar Maris har zuwa saukar ruwan fari, zafin Kano yakan taɓa digiri 40 da rana tsaka, na Sakkwato da Maiduguri kuwa ya zarce haka. Duk mai son haɗa kaji da ɗan lambu a bayan gida, waɗannan watannin ya kamata ya sa a gaba kafin ya zaro kuɗi, domin abin da ya tsallake Afrilu ba ya jin tsoron sauran shekara. Da yawa kaji suke fara saya, sai daga baya su shiga neman inda za su zuba su. A ganina kaji ne ya kamata su zo ƙarshe. Ruwa, inuwa, shinge, sannan abin da zai yi cara.

Fara da lissafin ruwa, don shi zai yanke maka girman lambun. Kaji goma manya ba su wuce shan lita 4 zuwa 5 a wuni ko da ana tsananin zafi. Lambun ne mashayi. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 yakan lashe kusan jarka guda mai lita 25 kullum a wannan lokaci. In kana da rijiya ko burtsatse, madalla, sayi tiyo ka huta. In kuwa a hannun 'yan ga-ruwa kake saye, ka ƙidaya jarka nawa aljihunka zai ɗauka kowace rana, ka tsaya a nan.

Hanyar ban ruwan ma akwai zaɓi. Bokiti da gwangwani mai huji ba su cin kuɗi, amma rabin ruwan rana ce take shanye shi. Siririn tiyo mai ɗigo, wanda ake haɗa wa da duro a ɗora kan bulo, yana kai ruwa gindin shuka kai tsaye; aibinsa shi ne ƙananan hudojin suna toshewa in ruwan na da laka, kuma kaza in ta samu hanya sai ta tsattsage shi da baki. Ga ƙaramin fili, abin da na fi so shi ne tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba. A binne shi har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi, a rufe bakin da murfi. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓun sannu a hankali, saiwoyi su zo su kewaye shi. Ka tona gefe bayan wata guda za ka ga fararen jijiyoyi sun lulluɓe tulun. Ko wanne ka ɗauka, ka shimfiɗa buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa a kan ƙasar, ka kuma yi ban ruwa da asuba ko bayan la'asar. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk na lambu ne. Na omo dai kada ya kusanci ganye.

Sai inuwa, kuma nan ne nake so mutum ya buɗe hannu. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta kusan digiri 41 ne, don haka in iska ta yi zafi ba ta da mafita sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Wannan hakin ne yake sa ɓawon ƙwai ya yi laushi, cin abinci ya ragu, wata ma ta faɗi matacciya da azahar ba tare da wata cuta ba. Akurkin da aka rufa da kwano tsirara tanda ne kawai. In kwanon ne da kai, ɗaga shi sama sosai, ka jibga masa zana ko karan dawa a kai, ka bar gefuna a buɗe da raga don iska ta ratsa. Rumfar zana ita kaɗai ta fi sanyi kuma ta fi araha, sai dai gara tana cinta, iskar farkon damina kuma takan yaye ta. Koriyar ragar inuwa da ake sayarwa awon mita tana daɗewa, amma ka tambayi kaurinta: mai tare kashi 30 zuwa 50 na rana ita ce ta ganye, mai kashi 70 zuwa sama ta kaji ce. In ka rufa wa kuɓewa mai kaurin, sai ta yi ta tsawo ba 'ya'ya.

Shinge ba ya son dogon bayani. Kaza biyu sun isa su tone fangalin alayyahu kafin a idar da sallar walha. Tsohon gidan sauro yana tare su na ɗan lokaci, rana ta ƙona shi. Ragar waya mai tsayin ƙirjin mutum ita ce ta gaskiya, a binne gindinta cikin ƙasa.

Yanzu ga kajin. Burola a bazara, ga mai kiwon bayan gida, ban ba da shawara ba. An ƙirƙiro su ne don su tara nama cikin mako 6 zuwa 8, kuma daidai lokacin da suka yi nauyi zafi yake kashe su. Kajin ƙwai na gidan gona suna iya ba da ƙwai kusan 300 a shekara, amma sai da abincin buhu ba fashi, kuma zafi yana rage musu ƙwai sosai. Cikinsu Shika Brown ta cancanci a neme ta, don a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya aka samar da ita saboda yanayin ƙasar nan. Noiler, wadda kamfanin Amo na jihar Oyo ya fitar, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abeokuta, suna tsaka-tsaki: ga nama ga ƙwai, suna cin dusa da ragowar tuwo da ganyen lambu, sun kuma fi burola jure wahala. Sai dai ba kasafai suke kwanci ba, don haka in kana son 'yan tsaki sai ka sa wa kazar gida ƙwan. Ita kazar Hausa ƙwanta kaɗan ne, 40 zuwa 60 a shekara, amma ita ce ta san rana, ta san shaho, ta iya reno. In ka ci karo da shazumama ko mai wuya ba gashi a kasuwa, kada ka raina su don muni. Ƙarancin gashin nan yana taimaka musu fitar da zafi.

Da ni za a tambaya, gida mai yara da ke son ƙwan karin kumallo ya ɗauki Noiler shida zuwa takwas waɗanda aka riga aka rena mako 4 ko 5, ya haɗa da kajin gida biyu. 'Yan kwana ɗaya sun fi araha, amma doguwar tafiyar mota cikin zafi tana galabaitar da su tun kafin su iso hannunka. Ka je saye da sassafe, ka duba ido garau, gindi a bushe, ka tambayi rigakafin da aka yi musu, musamman na cututtukan Newcastle da Gumboro. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin maganin rigakafin Newcastle mai suna I-2 wanda yake da juriyar zafi, ka tambayi likitan dabbobi na kusa da kai. Sabuwar kaza daga kasuwa kuma a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Wajen iri, kada hoton jikin leda ya ruɗe ka. Tumatir, salak, kabeji da karas 'yan hunturu ne. Tumatir in zafi ya haura digiri 35 furensa zubewa yake yi, ka yi ta ban ruwa kana kiwon ganye. Na bazara su ne alayyahu, wanda ake fara yanka cikin mako 3 zuwa 4, da kuɓewa mai fara 'ya'ya wajen wata biyu, sai lalo da rama da yakuwa. Zogale kuwa ko ba komai ka sa shi a jikin shinge, miya ta samu, kaji su samu.

Itatuwan marmari ka zaɓa yanzu, amma ka jinkirta dashe sai ruwa ya zauna a Yuni, sai fa in ruwanka a wadace yake. Gwanda ce mai saurin biya, cikin shekara guda, amma ka dasa uku ko huɗu don wasu maza ne ba sa haihuwa. Mangwaro ka nemi ɗan aure, ka duba tabon haɗin a jikin kara da idonka. Yakan fara a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ya ninka haka, ga shi yana cinye fili. Ƙaramin gida ya fi dacewa da gwaiba ko lemun tsami kusa da akurki, don inuwarsu ta faɗa kan kaji da yamma. Kashin kajin kuma kada a zuba shi ɗanye a gindinsu, yana ƙona saiwa. A tara shi da buntu a rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, bayan wata uku a kwasa.