Zango guda da PhET a ajin kimiyya: abin da na gani

Shekara goma sha ɗaya ina zana batir da waya a allo, yara suna kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Amma miƙa wa ɗayansu batir da ƙwan fitila ka ce ya kunna, sai ido ya raina fata. Abin da ya kai ni ga PhET ke nan.

Shafi ne na gwaje-gwajen kimiyya da lissafi a kwamfuta, na Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 2001, shi ya kafa shi a 2002. Kyauta ne, kuma ana iya sauke gwajin a buɗe shi ba intanet, abin da ya fi komai yi mini daɗi.

Wanda na fi mora shi ne Circuit Construction Kit. Yaro ya jawo batir, waya, makunni da ƙwan fitila, ya haɗa da kansa, yana kallon yadda wutar ke zagayawa. Har da tsabar kuɗi, fensir da abin goge rubutu, don a gwada wanne wuta ke bi.

Ranar farko ni na yi kuskure. Na ce musu kawai, "Ku bincika." Cikin minti biyar wani ya gano cewa in aka haɗa bakuna biyu na batir da waya zalla, batirin kama wuta yake yi. Shi ke nan, aji ya koma gasar ƙona batir. Aka tashi ba wanda ya ƙaru da komai. Daga baya na tuna gargaɗin masana harkar ilimi Kirschner, Sweller da Clark na 2006, cewa sabon ɗalibi ba ya koyo sosai in aka sake shi ba jagora. Sun yi gaskiya, na gani da idona.

Mako na biyu na zo da tambaya ɗaya: ƙwai biyu a jere kan waya ɗaya, in aka cire ɗaya, me zai sami ɗayan? Na hana kowa taɓa kwamfuta sai ya rubuta hasashensa da dalili. Yawancinsu suka ce zai ƙara haske, tunda ya samu wutar shi kaɗai. Aka gwada, ƙwan ya mutu. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu: "Malam, ai hanyar ce ta yanke." Ban taɓa jin an faɗe shi a taƙaice haka ba. Su da kansu suka nemo yadda za a ba kowane ƙwai nasa reshen.

Daga nan muka shiga aikin mako uku: kowane rukuni ya tsara wutar gidan kwali mai ɗaki uku, kowane ɗaki da makunninsa. Su gwada a PhET tukuna, sannan su haɗa da kayan gaske. A nan ne suka haɗu da wayar da ba ta kamu sosai ba da batirin da ya yi sanyi, abubuwan da sai hannu ke koya wa mutum.

Lokaci kam yana ci. Darasin da nake gamawa a zama biyu ya kai biyar, dole na matse wani babin. Duk da haka zango mai zuwa zan ɗauko gwajin PhET na lanƙwasar haske, kuma tun yanzu na fara rubuta tambayar da zan shiga aji da ita.