Wace na'urar auna motsin ƙasa ta dace da Katsina?

Malamin jami'a ko injiniyan da ke son sanin yadda ƙasar Katsina za ta yi idan girgiza ta zo, matsalarsa ɗaya ce: girgizar ba ta cika zuwa ba. Ta Kwoi a jihar Kaduna a 2016 da ta Mpape a Abuja a 2018 ƙanana ne, kuma nesa da mu. To kafin a fitar da kuɗi, jiran girgiza za a yi, ko ƙasar za a auna yau?

Na'urorin jiran girgiza su ne manya irin na kamfanonin Güralp da Nanometrics. Suna jin girgizar wata nahiya, amma sai da rami mai daɓen siminti, wutar da ba ta yankewa, da mai gadi. Aikin cibiyar binciken motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi ke nan, a bar musu.

Wadda nake ba da shawara ita ce ƙarama mai jin motsi ta fuska uku, wato sama da ƙasa, gabas da yamma, kudu da arewa, irin Tromino ta Italiya. Ƙasa kullum tana ɗan rawa saboda iska da motoci. A ajiye na'urar minti 20 zuwa 30, a gwada motsin gefe da na tsaye, sai a ga irin kaɗawar da wurin ke ƙara wa ƙarfi. Dabarar wani masani ɗan Japan ce mai suna Nakamura, ta 1989. Ƙasa mai laushi da kauri a kan dutse takan ninka girgiza, abin da ya rushe gine-gine a birnin Meziko a 1985. Shi ya sa fadama da yashin wajen Daura ba za su ba da amsa ɗaya da Dutsin-Ma ba, inda dutse ke kusa. Sai dai kada a auna gefen janareta ko injin niƙa, ko ranar da iskar hunturu ta taso.

Wata ƙaramar na'urar mai suna Raspberry Shake ta fi arha, amma don zama wuri ɗaya aka ƙera ta, fita daji sai an tanadi batiri da akwati. A nemi samfurin mai fuska uku, mai fuska ɗaya ba ya wannan lissafi.

Akwai kuma jerin jiyofon 24, wato ƙananan na'urorin jin motsi da ake kafawa a ƙasa, sai a doka guduma a ƙasa kusa da su. Shi ke ba da saurin girgiza a mita 30 na sama, alƙalumman da masu zanen gini ke nema. Yana buƙatar ma'aikata da doguwar waya. In ba kwangila ake samu a kai a kai ba, haya ta fi saye.