Karatun renon yara: kwaleji ko na ƙarshen mako?

Ƙanwata da ke aure a wani ƙauye kusa da Maigatari ta ce, “Yaya, wanne zan ɗauka?” NCE take so a fannin renon ƙananan yara, takardar shaidar malanta mafi ƙanƙanta da ake koyarwa da ita a ƙasar nan.

In ta je Kwalejin Ilimi ta Gumel, shekara 3 za ta yi kullum tana aji. Malami na gabanta, laburare na kusa, a nuna mata yadda ake koya wa ɗan shekara 4 ƙirga da murafen kwalba da 'ya'yan dabino. Sai dai ga kuɗin mota ko na kama ɗaki, ga goyo a baya, ga damina da ba ta jiran kowa.

Na NTI kuwa, cibiyar horar da malamai ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna, daga gida ake yi: littattafai a hannu, haɗuwa a cibiyar karatu ƙarshen mako. Gida bai mutu ba, amma sai mai naci, don bayan Isha'i barci ba ya ɗaga ƙafa.

Da budurwa ce, Gumel zan ce mata kai tsaye. Da yara 2 kuwa, na ce ta fara shawartar maigidanta.