Lesin, Malamin Gida ko Waya: Me Ya Dace da Ɗan Babbar Sakandare a Sakkwato?

Wata rana bayan isha'i ɗiyata ta miƙo mini littafinta na Kemistiri ta ce, "Baba, gobe za a karɓi aikin wanga, ni ko ban gane ko layi guda ba." Na duba, na sake dubawa, na tabbatar abin da na karanta a sakandare ba zai fitar da ita ba. Tana aji biyar, ɓangaren kimiyya. Akwai kuma ɗan ƙanena da nake riƙo, yana aji shida, ɓangaren ats. Cikin shekara biyu na biya kuɗin lesin, na ɗauki malamin gida, na sayi littattafai, na zuba data a waya. Wasu sun yi mana rana, wasu kuɗin kawai suka ci, shi ya sa nake son wanda bai fara kashe nasa ba ya ji yadda abin yake.

Mudun da nake auna kowace hanya da shi guda ne. Bayan an taimaki yaro ya gama aikin gida, a rufe littafin, a ba shi wata tambaya mai kama da wadda aka yi, a ga ko zai iya shi kaɗai. Jami'a na neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, wato daga C6 zuwa sama, har da Turanci, ga ɗan kimiyya kuma har da Lissafi. JAMB kuma tambaya 180 ce cikin awa biyu a gaban kwamfuta, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. A duk ɗakunan nan yaro shi kaɗai zai zauna da abin da ke kansa.

Kafin ka ciro ko naira, yi wani gwaji da ba ya cin komai. Ɗauki tambaya guda daga aikin da aka ba yaron, ka ce ya faɗa maka da Hausa abin da ake nema. Ba amsar ba, abin da tambayar ke nufi kawai. Yara da yawa a nan suke tsayawa. Idan ya kasa, to ciwon ba na Fiziks ba ne, na Turanci ne, kuma ko ka ɗauko malamin Fiziks mafi ƙwarewa a gari, gini zai yi kan rairayi. Irin wannan yaro malamin Turanci yake buƙata tukuna, wanda zai zaunar da shi ya karanta da ƙarfi, ya bayyana abin da ya karanta.

Lesin na taro shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma daga Mabera zuwa Arkilla, daga Runjin Sambo zuwa Gawon Nama, da wuya ka rasa allonsa a jikin bango. Amfaninsa a fili yake: yana hana yaro zaman banza, yana bi da shi cikin silabus, kuma idan wurin na da kwamfuta, yaro zai saba da ita kafin JAMB, wadda tun 2015 ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Rauninsa shi ne sau da yawa maimaita makarantar safe yake yi: malami guda, yara cike da ɗaki, a rubuta a allo a kwafa. Yaron da aka bari a baya da safe, za a sake barinsa da yamma. Don haka kada ka biya daga gida. Je ka wurin ba tare da sanarwa ba, ka ƙirga kawuna, ka roƙi littafin ɗalibi guda ka buɗe. Idan ka wuce shafi goma ba ka ga jan biro ba, babu mai duba aikin kowa a nan. Ka ƙirga kwamfutocin da ke kunnuwa, ba waɗanda ke jere ba, ka tambaya da me ake kunna su idan babu wuta.

Sai lissafin da iyaye kan manta. Kuɗin kabu-kabu ko keke napep zuwa da dawowa na wata guda yana iya kamo kuɗin lesin ɗin kansa. Ga Islamiyya bayan la'asar, wadda ni dai ba na yarda a sadaukar da ita; gara a nemi lesin na Alhamis da Juma'a da safiyar Asabar da Lahadi. Ga kuma zafinmu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, yaron da ya taso makaranta ƙarfe biyu ya koma ɗakin kwano ƙarfe uku, jikinsa kawai ke wurin. Kuma duk mai lesin da ya rage murya ya ce maka akwai "taimako" ranar jarrabawa, tashi ka bar wurin. Hukumomin jarrabawa na riƙe sakamako suna soke shi kan satar amsa, kuma ko an tsira, an koya wa ɗanka abin da zai bi shi har aji ɗaya na jami'a.

Malamin gida ya fi kowa tsada, kuma ga Lissafi, Fiziks da Kemistiri ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba. Dalili shi ne waɗannan darussa mataki-mataki ne, kuma kuskuren yaro yakan ɓuya a mataki guda: alamar ragi da ta ɓace wajen tsallaka da lamba, ko santimita da ba a mayar mita ba. Sai mai zaune kusa da shi yana kallon alƙalaminsa zai kama wannan. Iri uku za ka samu. Akwai malamin makaranta da ya daɗe yana koyarwa, kuma idan yana cikin masu zuwa makin takardun WAEC ko NECO, wannan riba ce babba, domin ya san inda maki yake a kowace amsa. Akwai ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Jami'ar Jihar Sakkwato, masu sauƙin farashi, waɗanda jarrabawar ba ta daɗe da barin kansu ba, yara kuma ba sa jin nauyin yi musu tambaya. Sai dai ka sani idan tasu jarrabawar ta zo ko aka yi hutu, za ka neme su ka rasa. Akwai kuma masu bautar ƙasa. Da yawansu ba sa jin Hausa, wanda hakan ke tilasta wa yaro magana da Turanci, amma shekara guda ce su tafi, kuma yaron da tushensa ke da rauni yana buƙatar wanda zai iya juya masa bayani da harshen gida.

Malamin farko da na ɗauka, mutumin kirki ne, amma wata biyu aikin gidan ɗiyata na dawowa da maki cikakke, gwajin aji kuma tana faɗuwa. Da na zauna na saurara, ashe shi ke warware tambayoyin, ita tana kwafa. Tun daga nan sharaɗina shi ne alƙalami a hannun yaro yake zama. Na kuma daina yarda da wanda ya ce yana koyar da komai. Darasi ɗaya ko biyu ya isa mutum. A yi mako biyu na gwaji kafin a yanke na wata. Idan kuɗin ya yi nauyi, gida uku na maƙwabta su haɗu su ɗauki malami guda, yara uku ko huɗu a zaure ɗaya, amfanin bai ragu sosai ba. Ga ɗiya mace, malama ta fi, in ba a samu ba a yi karatun a falo inda mutanen gida ke shiga da fita.

Akwai abu guda da babu lesin ko malamin gida da zai ba ɗan kimiyya shi sai in yana da kayan aiki, abin kuwa shi ne firaktikal, wato gwajin da ake yi da hannu, wanda takarda ce mai zaman kanta. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe buret, bututun gilashi mai awo, ta ɗiga asid har launi ya juya ba, ba za ta koyi hakan daga allo ba, kuma ana son ta rubuta abin da ta karanta da lamba biyu bayan ɗigo. A Bayoloji zane na son suna a kansa, da adadin ninkin da zanen ya yi wa ainihin girman abin, da layukan nuni da aka ja da rula ba su gitta juna ba. Kafin ka biya, tambayi inda za a yi firaktikal da kuma sau nawa.

Ɗan ats kuwa shi aka fi zalunta, domin an ɗauka nasa karatu ne kawai, ya ɗauki littafi ya haddace. Ɗan ƙanena ya iya jero tsarin mulkin Clifford na 1922, Richards na 1946, Macpherson na 1951 da Lyttleton na 1954 kamar karatun allo. Amma da aka ce ya bayyana dalilin da ya sa na 1954 ya zama tushen tarayya, sai ya yi layi uku ya tsaya. Abin da yake buƙata ba mai yi masa ƙarin bayani ba ne, mai karanta rubutunsa ne. Insha'in Turanci na WAEC kalma 450 ake nema, ga taƙaita labari, ga amsa tambayoyin fahimta, kuma ba a ƙwarewa a wannan sai an rubuta, an gyara, an sake rubutawa. Don haka ga ɗan ats ba sai malami ya zo sau uku a mako ba. Ka samu wanda zai karɓi rubutu biyu duk mako, ya bi su da jan biro, ya zauna da yaron awa guda su duba tare. Wannan ya fi araha, kuma ya fi lesin na wata shida amfani.

Mu a Sakkwato muna da gatan da ba kowa ke da shi ba. Jihadin 1804, kafa birnin a 1809, yaƙin Giginya na 1903, duk abubuwa ne da yaro zai iya zuwa ya ga wurarensu da kayansu, daga Hubbare zuwa gidan tarihi na Waziri Junaidu. Larabci da ilimin addini kuwa, kusan kowace unguwa akwai malamin da zai warware masa su kyauta. Sai dai a tuna cewa a takardar addinin Musulunci da ta Tarihi, cikin harshen Turanci zai amsa, saboda haka abin da ya fahimta a zaure sai ya koyi zuba shi a takarda. Wajen Adabin Turanci da na Hausa kuma a yi hattara da littattafan gado: jerin littattafan da ake nazari na sauyawa bayan 'yan shekaru, na Adabin Turanci ya sauya daga 2026, don haka na yayansa ba lalle ya yi masa aiki ba. A karɓi jerin daga makaranta kafin a nufi kasuwa.

Littafi shi ne kuɗin da ban taɓa nadamar kashewa ba. Na Ababio a Kemistiri, na Anyakoha a Fiziks, da New General Mathematics, sun daɗe ana dogaro da su, kuma ƙanne za su gada. Buɗe ka duba shafuka kafin ka biya, domin bugun jabu kan zo da shafi a ɓace ko zane a dushe. Littattafan tsofaffin tambayoyi na da amfani ƙwarai, amma amsoshin da ke bayansu ba hukumar jarrabawa ta rubuta su ba, kuma ana samun kuskure a ciki. Abin da mutane ƙalilan suka sani shi ne WAEC na sanya bayanan manyan masu makinta a intanet kyauta, darasi bayan darasi, suna faɗin inda ɗalibai suka fi faɗuwa a kowace tambaya. Malamin da ke amfani da su ya san aikinsa.

Waya kuma kala biyu ce. Akwai bidiyon darasi: Khan Academy kyauta ne, bayaninsa na Lissafi da kimiyya na da kyau, amma an gina shi kan tsarin Amurka, sai an zaɓo abin da ya dace, uLesson na gida ne, yana bin silabus ɗinmu, amma na biya ne, YouTube kuma akwai gwal akwai tsakuwa. Ribar bidiyo ita ce yaro mai kunya zai maimaita sau biyar ba wanda ya harare shi. Sai kuma masu ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT da Meta AI da ke cikin WhatsApp. Waɗannan suna iya bayani da haƙuri a kowane lokaci na dare, amma suna yin kuskure da cikakkiyar murya, musamman kan littattafan Hausa da tarihinmu na gida, kuma su ne hanya mafi sauƙi ta kwafar amsa. Dokar gidana ita ce a fara gwadawa a takarda, sannan a tambayi waya inda aka kuskure, sannan a gwada amsarta da littafi. Wayar tawa ce ko ta mahaifiyarsu, a falo ake amfani da ita, kuma ana karɓe ta idan an gama. Ka kuma sa kuɗin data da na caji cikin lissafi kafin ka kira ta kyauta.

Da zan sake farawa, daga aji huɗu zan fara, ba watan Janairun aji shida ba, kuma ƙofar farko da zan buga ita ce ta makarantar kanta. Sai da na kashe kuɗin wata da watanni kafin na je na sami malamin Kemistirin ɗiyata na ce, "Malam, don Allah ina ne take tuntuɓe?" Ya jawo takardun gwajinta guda uku ya jera a tebur, ya nuna mini cewa duk inda ta faɗi, lissafin mol ne, wato ma'aunin yawan sinadari, kuma tushensa rabo da kaso na ƙaramar sakandare da ba su zauna mata ba. Muka samu wata ɗaliba 'yar aji uku a jami'a ta yi mata mako shida a kan wannan kaɗai, Alhamis da Asabar, kuma a gwajin da ya biyo baya ta amsa tambayoyin mol ɗin da hannunta.