Shatar mota zuwa tafkin Madarumfa: direba ya ci kuɗinsa, mota ba ta ci ba

Da kaka, bayan an gama yankan hatsi, na ɗauki shatar wata mota a nan Damagaram, ni da uwargida da yara uku, kwana biyu, lisans, wato man fetur, a kaina. Mai motar ya rantse min kilimarta na aiki. Ko Takeita ba mu kai ba ta fara huro mana iska mai ɗumi kamar bakin tanda. Muka sauke gilas, ƙura ta yi mana hoda har Tasawa.

Bayan Gazawa taya ta fashe. Da aka ciro ta ajiya, ashe ita ma ba iska! Sama da awa guda muna zaune gindin wani gawo, ƙaramar tana kuka, kafin direba ya dawo bisa kabu-kabu rungume da taya.

Shi dai direban, dattijon nan, ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Bai gudu, bai taɓa waya yana tuƙi ba, takardunsa cikakku, duk shingen jandarma minti biyu mun wuce. Muka kwana Maraɗi, da asuba muka gangara kudu, tafiyar da ba ta kai awa ba.

Tafkin ya cika maƙil. Masunta na fitowa cikin kwalekwale, ƙarfasa da tarwaɗa na ta tsalle a ƙasan jirgi, wata mata ta soya mana nan take da yaji. Direban ne ya san wanda za a yi wa sallama a zagaya da mu wasu daga kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin, waɗanda tun 2006 suke jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, su da tafkin da dajinsa.

Da la'asar na ce mu leƙa dajin Baban Rafi. Ya girgiza kai.

"Alhaji, da iyali a mota, rana ta karkata? Ko ninka min kuɗi za ka yi ba ni shiga. 'Yan bindiga ba su san ɗan yawon buɗe ido ba."

Na ji haushi a lokacin, uwargida kuwa cewa ta yi, "Allah ya yi maka albarka, Baba."

Da muka dawo na nemi mai motar ya rage min jika biyar saboda kilima da taya. Ya ce ƙaddara ce. Lambar direban na karɓa, ta mai motar na goge.