Rumfar gyaran kayan doki a Gadarif: ɗinki ya yi, ƙarfen ne da saura

A kasuwar Gadarif da ke gabashin Sudan akwai wata rumfar baduku da masu dawaki da 'yan karo (masu amalanken doki ko jaki) ke kai wa kamazuru, ragama da majayi idan sun tsinke. Mai rumfar, da ake ce wa Usta kamar yadda ake kiran gwanin sana'a a Sudan, ba ya karɓar aiki sai ya lanƙwasa fatar biyu ya duba bayanta. In ta yi tsage-tsage kamar fason ƙafa, zai ce ta mutu, ɗinki ba zai riƙe ba. Wannan gaskiyar kaɗai ta isa a ba shi aiki.

Kirgin da yake amfani da shi jimar bagaruwa ce, wadda Larabawan nan ke kira garad, kaurinsa milimita 3 zuwa 4. Idan kamazuru ya tsinke a tsakiya, yakan yanke wurin da ya ruɓe, ya fere bakin kowane ɓangare da aska har ya yi siriri, sannan ya ɗora ɗaya kan ɗaya tsawon santimita 7 ko 8. Ferewar ce ke hana mahaɗin yin ƙulu da zai ci hannun mahayi ko ya goge wuyan doki. Yana huda da basilla, ya yi ɗinkin allura biyu da zaren da aka murza da kakin zuma, kamar huji uku a kowace santimita, ya koma baya huji biyu ya kulle. Ko zare ɗaya ya tsinke, ɗayan na riƙe.

Inda ya fi sauran shi ne ba ya gitta ɗinki a faɗin fata. Layi biyu yake ja ta tsawo. Ɗinkin da aka gitta yana jera huji a daidai inda nauyi ke ja, ranar da doki ya fizga nan za ta yage kamar takarda. Igiyar likkafa kuwa ba ya yarda ya haɗa ta a tsakiya ko an roƙe shi. Ko dai ya rage ta daga wajen maɗauri ya sake naɗewa, ko a yanka sabuwa, domin ita ke ɗauke da mutum.

Matsalar rumfar tana ga zobba da maɗauran ƙarfe. Na baƙin ƙarfe masu araha yake sawa, kuma daminar Gadarif ba ta wasa. Gumin doki da laima na sa su tsatsa, tsatsar ta haɗu da bagaruwar da ke jikin fata, wurin ya yi baƙi ƙirin ya bushe ya fara karyewa, alhali ɗinkin na nan daram. Abin takaici ne a ga aiki mai kyau ya lalace ta wannan ƙofar. Mai kai gyara ya tafi da nasa na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Ba ya kuma cika alkawari a ranar da ya sa, musamman lokacin kakar riɗi da dawa da 'yan karo ke yi masa yawa. Kuɗi a yi ciniki kafin ya sa aska, tunda farashin kirgi ba ya zama wuri ɗaya.

Yana miƙo kaya a bushe, ba ya shafa mai. A goge da tsumma mai ɗan laima, a shanya a inuwa, a shafa man shanu kaɗan. Kada a kusanto da baƙin mai na mota, yana kashe fata.