Taswirar tauraron ɗan adam ko hoton duron kafin sayen fili

Alhaji, kan filin naka na Ikorodu a Legas, ko ka ɗauki mai duron (ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto) ya hasko maka shi daga sama ko ka duba taswirar tauraron ɗan adam: duka biyun na gwada, ɗaya ne kawai ya fisshe ni.

Shekarun baya wani dillali ya kai ni fili a bayan Isheri cikin watan Janairu. Ƙasa ta bushe ƙayau, an share, an kafa turakun iyaka na siminti, har mai shayi ya kafa tebur a bakin hanya. Saura ƙiris in ba da kafin alƙalami. Da daddare ɗan yayata mai karatun safiyo ya buɗe Google Earth Pro, manhajar hotunan tauraron ɗan adam, a kwamfutarsa, wanda kyauta ne tun 2015, ya danna alamar agogon nan da ke sama, ya riƙa jan shekaru baya. Hoton farko fili ne fes. Ya ja kaɗan, sai ga farin yashi tsibi-tsibi da sawun tifa. Ya ƙara ja, wallahi sai kore shar, ruwa kwance yana ƙyalli daidai inda na riga na yanka ɗakin Hajiya a raina. Ashe ciko ne a kan fadamar kogin Ogun. Duk sanda aka saki ruwan madatsar Oyan wajen Satumba da Oktoba, Isheri da Kara da Agiliti ne ke kwana a ciki, mutanenmu na Mile 12 ba su manta da 2010 ba.

Kai da naka ke kan gangare, ba ruwa kaɗai za ka nema ba. Legas ba ta da kwazazzabai irin na Nanka a Anambra, amma inda aka yanke gindin tudu aka yi gini, aka sare itatuwa, ruwan sama na jiƙa jar ƙasar ta yi nauyi ta zaftaro. Bi hotunan shekara-shekara, ka ga ko bakin kwarin yana matsowa. Aibin hotunan tauraron ɗaya ne: gajimare na rufe damina, yawancin hotuna masu kyau na rani ne. Masu bincike kan koma ga tauraron radar Sentinel-1 na Turai, da aka harba a 2014, mai ratsa gajimare har ya auna nutsewar ƙasa da milimita, sai dai karanta shi sai gwani.

Duron kuwa, na taɓa biya a wani filin. Hoto ya yi kyau, ya nuna min abin da ƙafata ta riga ta taka.

Sannan ka yi hattara da dillalai da masu cewa gadon gidansu ne, omo onile. Wasu sun waye, sai su turo maka lambobin GPS na wani fili mai tudu, su kai ka wani daban. Kada ka karɓi lamba daga hannun kowa. Tsaya a kan turken da kanka, ka ɗauka da wayarka. Kuma tauraro ba ya nuna filin da gwamnati ta riƙe, wannan sai safiyo mai rajista ya kai takardar filin zuwa ofishin Babban Safiyo a Alausa an duba.

Ka fara da Google Earth yau da daddare. Kuɗin duron ka ƙara wa safiyo, in Yuli ya zo ka koma filin washegarin ruwa mai ƙarfi, da takalmin roba.